Fatar Kalangu Tana Jin Hadari

Laccar da aka gabatar a Ɗan Kassari, ƙasar Arewa



Shugabannin wannan gari, Allah ya ja zamaninku. Masu garuruwa da sarakunan noma, malamanmu, Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, da ku makaɗa da mawaƙa da kuka zauna can gefe da kayan sana'arku, sannunku da zuwa, sannunku da rana. Na hango waɗanda suka taso tun daga Lugu da Bagaji, wasu daga Matankari da Dogon Dutsi, har da 'yan'uwanmu na wajen Tibiri. Wanda ya baro gidansa cikin irin wannan zafi don sauraron magana ya cancanci a faɗa masa abin da zai amfane shi. Allah ya ba ni ikon yin haka.

An nemi in yi magana kan zafin bazara da hadarin damina, da yadda suke taɓa zaman ƙauye da bukukuwanmu na kiɗa da waƙa. Zan fara da wani dare da har yau ban manta da shi ba.

Ina yaro, ban wuce shekara goma ba, aka yi bikin wata yayata a ƙauyenmu. Ƙarshen bazara ne, an gama sassabe, kowa na jiran ruwan shuka. Bayan lisha aka share dandali a gindin wani babban gawo, aka shimfiɗa tabarmi, 'yan mata suka yi da'ira. Makaɗin wani dattijo ne siriri, da yaransa biyu masu amshi. Kiɗa ya yi daɗi, ƙura ta tashi, mata sai guɗa suke yi. Can dare ya raba sai na ga hannun tsohon ya yi sanyi. Ya matse kalangun a hammata ya saki, ya sake matsewa, ya ɗora babban yatsansa kan fatar ya danna. Sa'an nan ya juya ya dubi gabas. Mu dai taurari kawai muke gani. Ya sauke kalangun daga kafaɗa, ya kira kawuna ya ce, “Malam, a kwashe tabarmi, a shigar da yara. Fata ta saki.”

Samari suka yi ta gunaguni. Wani har ya manna masa kuɗi a goshi ya ce ko juyi ɗaya ne a ƙara. Tsohon ya ɓamɓare kuɗin ya miƙa masa abinsa. Ba mu gama kai tabarmi zaure ba sai ga iska mai sanyi ta bugo mu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, gabas ta yi ja sa'an nan ta yi baƙi ƙirin. A daren nan jinkar bukkoki da dama ta tashi. Da gari ya waye muka tarar wani ƙaton reshen gawon ya tsage ya faɗo daidai inda 'yan mata suka yi da'ira. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Na daɗe ina ɗaukar tsohon nan mai wani asiri ne. Sai da na girma na gane asirin yana cikin sana'ar. Fata tana shan danshi. In iska ta bushe sai ta ɗaure ta yi zaƙi, in laima ta shigo sai ta saki, muryarta ta dushe. Shi ya sa kuke ganin mai ganga yana gasa fatarsa a bakin wuta da damina. Mai goge ma ya san haka, don fatar da ke bisa ƙwaryarsa da izgar dokin da yake gogawa duk suna sauya murya in iska ta sauya. Tsohon nan ya shekara arba'in ko fiye yana rungume da abin auna iska a hammatarsa, ga kunne, ga hanci, ga idon da ya saba da gabas. Abu na biyu da yake da shi, wanda ya fi na farko muhimmanci a wurina yau, shi ne da ya ce a tashi, an tashi.

'Yan shekarun baya na halarci wani biki a wani ƙauye na ƙasar nan tamu, shi ma a bakin damina. An kafa rumfunan haya masu ƙafafun ƙarfe da rufin tamfol, an jera kujerun roba, an tada injin wuta, an ja waya a ƙasa har zuwa manyan lasifikoki huɗu. Wani saurayi ne ke sa kiɗa daga salularsa. Na ga walƙiya tana wasa a gabas tun da wuri, na tabbata wasu ma sun gani. Amma rugugin injin da ƙarar lasifika sun rufe rugugin sama. Mai biki yana tunanin kuɗin hayar da ya biya. Mai kayan kiɗa yana tsoron a ce ya gudu bai cika aiki ba. Dattawa sun riga sun shige gida. Kowa na jiran wani ya yi magana. Da iskar ta iso, ɗauke rumfa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta kifa kan mutane. Wuta ta ɗauke, aka ruɗe cikin duhu, aka tattake wata tsohuwa, wata yarinya ƙarama ta karye a hannu. Ni na riƙe mata fitila ana ɗaure hannun da kara da tsumma kafin a sami amalanken da zai kai ta likita da asuba. Tana ta tambayar ina takalminta sabo na biki.

Tun daga ranar nake ɗauke da tambaya guda, ita ce kuma na kawo muku. A bukukuwanmu na yau, wa ke da ikon cewa a tsai da kiɗa?

Kakanninmu sun zauna a wannan ƙasa ta Dallol Mawri da sanin cewa shekara tana da ɗakuna, kowane aiki da ɗakinsa. Manomi yana ƙirga watanni har zuwa watan bakwai, yana duban dawowar shamuwa, yana duban gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa na tohowa. Da damina kiɗan da ake ji shi ne gangar noma a wurin gayya, shi ma da rana tsaka ake dakatawa a sha fura a inuwa. Manyan wasanni kuwa sai an kai amfanin gona gida: kalankuwa, kokawa, dambe, aurarraki, duk a kaka da lokacin ɗari, sa'ad da rumbu ke cike, sama ta washe, dare ya yi daɗin zama. Buɗin daji, wanda har yanzu ake yi a wurare irin su Masalata kusa da Birnin Ƙonni, shi ma cikin rani yake.

Manyan tarukan ƙasa ma a kan wannan sawun suka bi. Kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, a 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yin ta, kuma kun san yadda Issaka Issaka ya sha ɗauko wa jaharmu ta Doso takobin. Taron makiyaya na Ingal a Satumba ne, damina na ban kwana. Bikin Ayar na Iferwan a Disamba. Maƙwabtanmu na Argungu, da suka fara bikin kamun kifinsu a 1934, a wajajen Fabrairu ko Maris suke yi, kafin zafi ya kai maƙura, kafin hadari ya fara haɗuwa. Waɗanda suka tsara waɗannan lokuta sun san sama.

To me ya ja bukukuwan ƙauye zuwa bakin damina? Ina ganin dalilin ba ɓoyayye ba ne. Samarinmu na tafiya cin rani da zarar an gama girbi, wasu Najeriya, wasu Kwatano da Abijan, wasu arewa wajen haƙar zinariya. Sai a watan huɗu da na biyar na Nasara suke dawowa don shuka, kuɗin sadaki da na lefe a aljihu. Lokacin da ango yake gida kuma yake da abin hannu, shi ne daidai lokacin da rana ta fi ƙuna, hadari ya fi mugunta. Ga kuma lissafin watan Musulunci da ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Layyar 2024 ta zo a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkonsa. Ke nan shekaru masu yawa da ke tafe babbar salla da duk shagulgulan da ke biye da ita za su riƙa faɗowa a Mayu, sa'an nan Afrilu, tsakiyar bazara sosai. Hawan salla, wasan samari, kai amare, duk za a yi su a ƙarƙashin ranar da ta fi kowace zafi. Ya kamata mu fara shirin wannan tun yanzu.

Bazara kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Mun san watannin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, wasu ranaku ya kai 44 ko 45. Mun san lokacin da ruwan randa ke zama kamar an ɗora shi kan murhu, kaji na buɗe baki a gindin rumbu, jaki ya ƙi tashi, mata na sammakon rijiya tun kafin kiran assalatu don guje wa rana. Tarihinmu ma ya san ta: a watan Afrilun 1899 ne rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta, cikin irin wannan zafin. Amma duk dattijon da ke nan zai shaida cewa wani abu ya sauya. Da, in rana ta gasa mu, dare yana rama mana. A fito da tabarma tsakar gida, kafin tsakar dare iska ta huce, jiki ya huta. Yanzu akwai darare da yawa da gari ke wayewa jiki bai huce ba. Mun kuma ƙara wa kanmu da rufin kwano. Ɗakin soro da bukkar ciyawa suna numfashi. Ɗakin kwano marar rufin ciki yana tara zafin yini ya riƙe shi har dare, a ciki kuma muke barin tsofaffi da jarirai da masu jego.

Abin da ya faru a bazarar 2024 ya isa ya tsorata mu. A ranar 3 ga Afrilu, a garin Kayes na ƙasar Mali, ma'auni ya kai 48.5. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a 2023, cikin watan Afrilu ɗungurungum, 130 ya ƙirga. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne, ga shi ana cikin azumi. Masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce ba don ɗumamar duniya da hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ya haddasa ba, da zafin bai kai haka ba. Wata biyu bayan nan, a aikin hajji, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, ma'auni a Makka ya kusa 52. Allah ya jiƙansu. Mu a ƙauye ba mu da mai ƙirga mana. In tsoho ya faɗi a bazara sai mu ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma ba mu tambayar ko ya wuni cikin ɗakin kwano babu mai ba shi ruwa.

Iyayena mata, ku ne kuka fi kusa da wannan, don haka ku riƙe alamun. In mutum yana gumi, yana jin jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In akwai hali a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ya fara sambatu ko ya daina gane mutane, wannan ya wuce gajiya. A kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta yi masa fifita, a nufi likita ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Na sha ganin an kewaye irin wannan mutum a wurin taro ana cewa iska ce ta buge shi, an toshe masa ko'ina, alhali iskar shaƙa yake nema.

Yanzu ga hadari. Kowa a nan ya san daga gabas yake zuwa. Yawancin ruwan da muke samu a shekara ba daga yayyafi yake ba, daga waɗannan manyan hadurra ne da ke haɗuwa da la'asar, su yi jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufo yamma cikin dare. Iskar da ke gabansu, mai jan bangon ƙura, sanyin ruwan ne ke faɗowa ƙasa ya bazu yana share duk abin da ya tarar. A 2017 wani masani ɗan Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa suka fitar da binciken hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun gano cewa hadurra mafiya tsanani a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne hamadar Sahara tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da mu. Mu muna tsakiya, inda busasshiyar iskar arewa ke karo da mai danshi ta kudu, kuma duk sa'ad da bambancinsu ya ƙaru, karon yana ƙara ƙarfi. Ga shi iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa: duk ƙarin digiri 1, tana iya riƙe ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Zafin da ke hana mu barci a bazara da hadarin da ke yaye mana rufi a damina uwarsu ɗaya.

Waɗanda suka ga farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 da muke kira El Buhari, sun tashi da addu'a guda, Allah ya ba mu ruwa. Ruwan ya dawo, alhamdu lillahi, amma da wani hali. Sai a yi mako biyu ko uku ko ɗigo babu, shuka ta fara laushi, sa'an nan a sauke na wata guda a dare ɗaya. Fakon da ke bisa duwatsunmu ba ya shan ruwa, sai ya kwararo da shi gangare, ya tsaga gonaki ya bar kwazazzabai, ya cika fadama da yashi. Iskar farkon damina kuma tana binne ɗanyen hatsi da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku da irin da ya ci bashi ya saya. Daminar 2024 ta nuna mana iyakar abin. A ƙasar nan mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan 1 abin ya shafa, Maraɗi ta ji jiki ƙwarai. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki.

Kada mu ɗauka talauci ne kaɗai ke sa iska ta ci mutane a wurin kiɗa. A Agustan 2011, a jihar Indiyana ta Amurka, iska ta ruguza dandamalin mawaƙa kan 'yan kallo, mutum 7 suka mutu. Kwana biyar bayan haka hadari ya faɗa wa bikin Pukkelpop a Beljiyam, ya kashe 5. A Nuwamban 2023 a Riyo ta Brazil wata budurwa mai shekara 23 ta rasu saboda zafi a wurin wasan mawaƙiya Taylor Swift, sai bayan nan aka ɗage wasan kashegari, hukuma ta wajabta ba 'yan kallo ruwa kyauta. A Indiyana an san hadarin na tafe. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ginin dandamalin bai kai ƙarfin da ya kamata ba, kuma ba a fayyace wanda ke da hurumin dakatar da wasa ba. Da na karanta wannan sai na tuna yarinyar nan mai neman takalminta. Su da na'urorinsu, mu da rumfar haya, a rami ɗaya muka faɗa.

Malamanmu suna nan, su gyara mini in na yi kuskure. A mazhabarmu ta Malikiyya an so a jinkirta azahar in zafi ya tsananta har rana ta ɗan karya. An kuma yarda a haɗa magariba da lisha a masallaci a daren ruwa don kada mutane su wahala. In har salla, wadda ita ce ginshiƙi, an yi mata sauƙi saboda rana da ruwa, ban ga dalilin da zai sa mai biki ya ji kunyar ɗage wasa ba, ko ɗan siyasa ya tara mata da yara a fili tun hantsi suna jiransa har la'asar. Wannan na ƙarshe yana ci mini rai ƙwarai. Makaɗa ne ake sa wa su riƙe taro da kiɗa a tsakar rana, su ne kuma ba a tunawa da su in ana rabon ruwa.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kuɗin wata ƙungiya. Duk bikin da za a yi daga watan huɗu zuwa na tara, a naɗa mutum ɗaya tun kafin a fara, dattijo ko dattijuwa da ake jin nauyinsa, a sanar a bainar jama'a cewa in ya ɗaga hannu an tashi, babu jayayya. Kada ya zama mai bikin ne, don shi hankalinsa na kan baƙinsa da kuɗinsa. Ya zauna nesa da lasifika inda zai ji sama. Ya riƙe salula kuma. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni kamar kilomita 100 ne, irin wannan hadari kuma yakan yi tafiyar kilomita 50 ko fiye a awa. Wato in ɗan'uwanka na Ƙonni ya kira ka ya ce iska ta taso musu, kana da wajen awa biyu ka kwance rumfa, ka kashe inji, ka naɗe waya, ka sallami mata masu goyo da waɗanda suka zo daga nesa kafin ƙorama ta kawo ta raba su da gida. Mu kuma in ta iso mana mu kira Dogon Dutsi. Kusan babu gidan da ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a kan wannan titi na gabas. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa, cibiyar Agrhymet da ke Yamai tun 1974 tana wannan aiki, gidajen rediyonmu na karantawa da Hausa. A saurara, sa'an nan a haɗa da kiran ɗan'uwa, don shi ya ga abin da idonsa.

Sai maganar aradu, wadda nake so in yi da ladabi, don na san matsayinta a ƙasar Arewa. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, da ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta yi rubutu mai tsawo kan yadda mutanenmu ke fassara faɗuwar tsawa da abin da ake yi bayanta. Ba na nan don in shiga tsakanin kowa da abin da ya gada. Abu ɗaya kawai nake roƙo saboda rai. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, taɓa shi ba ya cutar da kowa. Sau da yawa zuciyarsa ce ta tsaya ko numfashinsa ya ɗauke, kuma in aka danna masa ƙirji da sauri ana iya ceto shi. Mintocin da ake ɓatawa ana tsaye daga nesa su ne ke tafiya da shi. Ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu su koya wa samari wannan dannawar, ko mutum biyu ne a kowane ƙauye. Ku kuma koya wa yara lissafi mai sauƙi: in an ga walƙiya a fara ƙirga, kowace daƙiƙa 3 kafin a ji ƙara kilomita 1 ce. In ba a kai 30 ba aka ji ta, a bar fili. Kada a fake gindin itace ɗaya tilo, kada a riƙe ƙafar rumfar ƙarfe, makiyayi ya sauko daga kan tudu. A shiga ɗaki ko mota, a jira rabin awa bayan ƙarar ƙarshe.

Itace na da haɗari a lokacin tsawa, amma shi ne garkuwar gari a sauran kwanakin shekara, kuma a nan Nijar ba mu bukatar a kawo mana misali daga waje. A kwarin Magiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan bedi don tare iska, gonakin da ke bayansu suka huta da binnewar shuka. A Maraɗi tun 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kudancin ƙasar. Mu dubi gabashin garuruwanmu, mu dubi dandalinmu. Wurare da yawa an sare inuwar da aka gada don a faɗaɗa fili, sa'an nan ana biyan kuɗi a yi hayar inuwar tamfol mai zafi wadda iska ke ɗauka. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa. Bana a dasa su a gabashin dandali, a kewaye su da ƙaya, a ba ƙungiyar samari amanar ban ruwa har su wuce bakin akuya.

Na bar maganar makaɗa a ƙarshe don ita ce ta fi wuya. Yana da sauƙi ni da ke tsaye nan in ce a tsai da kiɗa. Makaɗi kuwa da liƙin daren yake ciyar da gida, kuma liƙi ba ya yin armashi sai dare ya yi nisa, daidai lokacin da hadari ya fi son isowa. Saurayin da ya ci bashi ya sayi lasifika shi ma haka. In muka ce su tsaya alhali tsayawar asararsu ce su kaɗai, ba za su tsaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tsohon makaɗin da na ba ku labari ya iya mayar da kuɗin saurayin nan ne domin ya san kawuna ba zai bar shi ya tafi hannu rabbana ba. Da safe an auna masa hatsi, an ba shi goro da tufa, an kuma roƙe shi ya kwana biyu a ƙarasa wasan da dare na gaba. Haka ya kamata a yi yanzu. Tun wurin ciniki a faɗa a gaban shaidu cewa in sama ta tada taro, ladan makaɗi da na mai kayan sauti yana nan cikakke, wasan kuma a ƙarasa shi gobe ko jibi. Masu garuruwa, in kuka sa bakinku a wannan, zai zauna.

Ku kuma dattawan makaɗa, akwai abin da ke hannunku wanda babu shi a wurin yaran nan masu na'ura. Kun san yadda iska ke tsayawa cik kafin ta juyo. Kun san ƙamshin da ke riga ruwa isowa, da irin walƙiyar da ke wucewa kudu da irin wadda ta nufo mu. Ina roƙonku kada a yi biki a bakin damina babu ɗayanku zaune kusa da mai sa kiɗa, da kalangunsa a hammata, ko da ba zai kaɗa ba. Samari, ku kuma ku ba su kujera, ku ba su rabonsu, ku tambaye su. Na yi magana da biyu daga cikinsu kafin mu shigo, sun ce a shirye suke, in an idar da la'asar za su zauna nan gindin bedin da ke bakin ƙofa da kayansu, duk mai so ya zo ya ɗora yatsa kan fatar ya ji yadda take a busasshiyar rana irin ta yau, don ya gane ta ranar da ta saki.

 Akwai ruwa a randunan da ke bayan rumfa, a fara ba tsofaffi da masu goyo.